Gahawar da Na Ajiye a Khaibar

Sai da na kwana goma sha ɗaya a Madina kafin na san cewa ni lebura ne. Ranar da iƙamata ta fito, wato takardar zama da kowane baƙo yake yawo da ita a aljihu, na buɗe na ga hotona da sunana, na ji daɗi. Larabcina na Islamiyya ne, ina haɗa baƙi amma ma'ana sai a hankali. Don haka na miƙa wa Magdi, Bamisiren da na tarar a kantin maganin, na ce ya karanta mini layin sana'a. Ya duba takardar, ya dube ni, ya ce, "Amil." Na ce mene ne amil? Ya ɗauko tsintsiya ya miƙo mini.

Shekara biyar na yi a jami'a ina karatun haɗa magunguna. Mutumin da ya yi mini hanya a Kano ya rantse har da dafa ƙirji cewa bizar saidali ce, wato masanin magani. Ashe bizar da ta zo hannunsa kawai ya cusa ni ciki, yadda ake cusa fasinja na bakwai a tasi. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Aikin dai na saidali nake yi, albashin ma ba laifi. Mai kantin, Abu Faisal, shi ne kafilina. Fasfona yana cikin durowarsa, ba na fita ƙasar ko in sauya aiki sai da sa hannunsa. Ba mugu ba ne, mutum ne mai son dariya da ƙin takarda. Shaidar karatun Magdi ce a rataye a bango, in masu bincike suka shigo sai in sulale in cire farar riga in rungumi kwali. Duk wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne lebura ba ya kawo iyali. Na bar matata Rabi a gidan iyayenta a Ɗorayi da jaririya 'yar wata huɗu, Ummi, na ce mata wata shida ma ya yi yawa zan aiko su taho. Kalma ɗaya za a gyara a takarda, kuma Abu Faisal kaɗai ne zai iya neman a gyara ta.

Ɗaki na samu a unguwar Sih, a saman gidan wani dattijo, Baba Idirisu. Ɗan ƙasa ne, kakansa ne ya taso daga Katsina a ƙasa, ya yi shekaru a hanya yana noma a Sudan kafin ya iso. Hausarsa tana nan, sai dai ta sha Larabci ta ƙoshi. Duk ranar Juma'a sai ya aiko mini da kwanon tuwo, wai kada shinkafar Larabawa ta busar mini da hanji. Ban taɓa roƙa ba, bai taɓa fashi ba.

Kantin namu yana kan hanyar da alhazai ke bi, kuma a nan na jawo wa kaina abin da ya bi ni shekara uku. Alhaji zai shigo daga Turkiyya ko Indunusiya, ba Larabci, ba Turanci, ga tari ya sarƙe shi. Magdi sai ya ja layi uku a jikin kwalin magani ya miƙa masa, shi ke nan. Ni hankalina ba ya kwanciya da haka, don na san wani zai shanye kwalbar a zama ɗaya. Sai na fara nunawa da jiki. Bayan cin abinci: in yi loma, in tauna, in shafa ciki, sannan in haɗiyi ƙwaya. Kafin barci: in yi hamma in kwantar da kai a tafin hannu. A girgiza kwalba: in girgiza har kafaɗuna su taya. Suna ganewa kuwa, har su maimaita mini in gyara musu.

Wata rana wani tsoho ya zo da takardar likita, an rubuta masa irin maganin nan da ba ta baki ake shan sa ba. Ya ɓare ɗaya a gabana zai kai baki. Babu yadda zan yi, dole na nuna masa inda ake sa shi. Na yi iya ƙoƙarina in yi cikin mutunci, amma akwai abin da mutunci ba ya shiga cikinsa. Magdi ya zame daga kan kujera. Abu Faisal, wanda ya shigo daidai lokacin, ya riƙe ƙofa yana share hawaye da gefen mayafin kansa, ya nuna ni ya ce, "Abu Shamsiyya. Wallahi shi ne."

A wancan zamanin, kafin wayar hannu ta zama ruwan dare, babu gidan da ke da bidiyo a Madina da ba shi da kaset ɗin wani ɗan wasan barkwanci na ƙasar Ingila. Dogo ne siriri, kullum da laima a hannu, kuma laimar ba ta buɗewa sai inda bai kamata ba: a kan teburin cin abinci, a cikin mota, a gaban manya. Ba ya magana ko kalma ɗaya, shi ya sa ba ya bukatar tafinta. Larabawa suka sa masa Abu Shamsiyya, wato mai laima. Daga ranar nan sunana Muntari ya mutu a kantin. Mai kawo kaya, mai shayin kusa da mu, har ɗan sandan da ke tsayawa a mahaɗa, kowa Abu Shamsiyya.

Da farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Baƙo yana son a san da zamansa ko da da dariya ne. Abu Faisal ya fara ɗaukata zuwa majalisarsa ranar Alhamis, in yi musu alhajin da ya rasa takalminsa a ƙofar masallaci, su yi ta kyakyatawa, a cika mini faranti da nama. Na ɗauka kusanci nake samu, kuma kusancin zai kai ni ga sa hannu.

Sau huɗu na yi masa maganar iƙama, kuma duk sau huɗun irin ta gida na yi. Mu a wajenmu in za ka roƙi babba abu mai nauyi ba ka kallon ƙwayar idonsa. Ka sunkuyar da kai, ka yi murmushi, ka sosa ƙeya, ka kewayo ta bayan gida, har ka ɗan sa wasa don kada ya ji ka ɗora masa dole. Haka aka rene ni. Na farko na ce masa lebura ya gaji da cin shinkafa shi kaɗai. Ya yi dariya ya ce bukra, wato gobe. Na biyu na ce gadona ya yi mini faɗi. Ya kira Magdi ya ce in maimaita. Na uku da na huɗu ma haka, ina sosa ƙeya, yana dukan cinya. Ladabina gaba ɗaya ya zama wani sabon wasan Abu Shamsiyya a idonsa.

Bayan shekara biyu na samu hutun wata ɗaya. Na sauka Kano da akwati cike da 'yan riguna, na miƙa hannu zan ɗauki Ummi, ta ƙwalla ƙara ta shige bayan zanen uwarta. Sai da na kwana ashirin kafin ta yarda ta zauna a cinyata, kwana goma bayan nan na koma. Rabi ba ta yi mini ƙorafi ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai tambaye ni, tana ninke kayana, ko in ta sayi keken ɗinki zan ga laifinta, tunda zaman zai yi tsawo.

Da na dawo Madina sai zama ya gagare ni. Ɗakin ya yi mini kaɗan. In na tashi aiki da la'asar sai in kama tafiya ba inda za ni, daga Sih in gangara Harami, in tsaya in yi sallama ga Manzon Allah, in fito in miƙe har Ƙuba, in juyo. Takalmi biyu na cinye a wata huɗu. Mutane na kashe dukiya su zo garin nan su kwana takwas su tafi suna kuka, ni ina cikinsa ina jin kamar an ɗaure ni a turke, kuma ina jin kunyar Allah a kan haka. Kaset ɗin mutumin nan kuwa na tsane shi. In na wuce shagon aski na hango shi a talabijin yana fama da laimarsa sai in kawar da kai, in ce a raina ga wawan da ya cuce ni.

A cikin wannan yawon na saba da gidan Likita Bala a unguwar Ƙurban. Bazazzagi ne, ya yi karatu a Ingila, yana aiki a wani asibiti, iyalinsa na tare da shi. Tunda ya ji ni Bakano ne ya samu abin yi, kullum sai ya tambaye ni ko na sayar da wani abu a hanya. Wata Juma'a bayan mun ci abinci na zazzage masa cikina, na haɗa da zagin Baturen laima.

Ya ce, "Wawa ka ce? Kai dai Bakano, in abu ba shi da farashi a jiki ba ka san darajarsa ba. Zauna."

Ya buɗe kabad ya ɗauko wani kaset da ya naɗa daga talabijin tun yana ɗalibi. Wasan dandamali ne, da 'yan kallo a zaune. Aka buɗe labule, ga shagon aski, ga wani tsoho mai furfura yana goge madubi. Bai yi komai ba tukuna, amma 'yan kallo suka fashe da dariya. Na ce wa Likita me aka yi? Ya ce in duba girar tsohon. Na duba, sai na gane shi. Abu Shamsiyya ne, ba laima.

Sannan ya buɗe baki ya yi magana. Ban taɓa kawo wa raina mutumin nan yana da murya ba, sai ga ta mai kauri, a natse, kowace kalma a wurinta. Labarin wani wanzami ne da hannunsa ya fara rawa saboda tsufa, yana ɓoyewa don kada masu zuwa aski su gudu. In zai ɗora aska a wuyan mutum sai ya saki zance mai ban dariya, mutumin ya shagala, shi kuma ya dafe hannun da ɗayan ya yi sauri ya gama. Harshensa kaifi ne da shi, wani wurin sai Likita ya tsayar ya warware mini. Na yi dariya har na manta ina fushi da shi.

Can wajen ƙarshe, mai zuwa aski na ƙarshe ya fita, ya rage shi kaɗai. Ya ɗaga hannun yana kallo, hannun yana karkarwa, askar tana ƙyalli. 'Yan kallo suka ɗauka wani abin dariyar ne zai biyo baya, suka fara. Bai ɗaga musu hannu ba, bai ɓata rai ba, bai kuma ba su abin da suke jira ba. Ya tsaya kawai. Fuskar nan da ke iya lanƙwashewa gida goma ya bar ta yadda Allah ya yi ta. Dariyar ta yi sama, ta tsaya, ta fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka rage mutum guda a baya, shi ma ya ji kunya ya haɗiye. Sai da wurin ya yi tsit sannan ya ce, a hankali, gobe ba zai buɗe shago ba.

Na ce wa Likita ya mayar baya. Sau uku muka kalli wurin. Na uku na ƙirga numfashinsa tun daga fara dariya har shiru, na samu tara.

Likita ya ce, "Ka gani? Shekara nawa suna yi masa dariya tun kafin ya motsa. Ya san abin da suka zo nema. Wawa ba ya iya wasan wawa, Malam Muntari. Faɗuwar nan da kake gani yana yi da laima, aunata yake yi kamar yadda kake auna maganin jariri."

Na roƙi aron kaset ɗin laimar ma, na kalla a gidansa da sabon ido. Gaskiyarsa ne. Mutumin ya san daidai lokacin da zai juya, ya san tsawon jiran da zai sa dariya ta nuna kafin ya tsinke ta. Hannun da ke sa mutane dariya shi ne ya iya hana su. Na ji kunyar zagin da na yi masa, na kuma ji tausayinsa, don na tabbata in ya shiga kasuwa a garinsu laima ake tambayarsa, ba wanzami ba.

Sati biyu bayan nan Abu Faisal ya ce in shirya, ranar Alhamis za mu gonar mahaifinsa a Khaibar. An fara yankan dabino, tsohon ya tara baƙi, ana so in yi musu wasa. Na hau sama na sauko, na rasa inda zan sa kaina, sai na zauna wurin Baba Idirisu a ƙofar gida na ba shi labarin roƙona huɗu. Ya saurara yana jan carbi.

Ya ce, "Ya waladi, mushkilarka kana yin kalam irin na Kano. Nan in ka yi murmushi kana roƙo, yani ba ka matsu ba. Ka san finjali?"

Na ce na san ƙaramin kofin gahawa, na kuma san in ka ƙoshi girgiza shi ake yi.

"Wannan kowane baƙo ya sani. Akwai wanda ba su gaya muku. Mutanen ƙauye, irin uban kafilinka, in baƙo yana da bukata babba, sai a zuba masa gahawa ya karɓa ya ajiye a ƙasa, bai sha ba. Halas. Mai gida ba zai iya zama ba sai ya tambaye shi me yake so. Gahawarsa ta huce a gaban mutane, aibi ne babba."

Na ce to ai na samu hanya.

Ya ɗaga carbin ya nuna ni. "Isma, saurara, ban ce ka yi ba. Wannan abin na tsakaninsu ne, ƙabila da ƙabila, neman aure ko sulhun jini. Kai ajnabi ne, baƙo, kuma amil a takarda. In tsohon ya ɗauka raini ne, ɗansa zai buga maka fita ba dawowa kafin Asabar. Kuma kai, ko ka ajiye, dariya za su yi. Sun saba."

Kwana uku ina juya maganar. In na yi shiru, zan ci gaba da cin nama a majalisa har Ummi ta shiga makaranta ba ta san ni ba. In na yi aka kore ni, na koma Kano da sunan wanda ya je Madina ya yi rashin kunya. Ko a cikin mota, muna keta baƙaƙen duwatsun hanyar Khaibar, ban yanke ba. Abu Faisal yana tuƙi yana ce mini lallai in yi musu na tsohon nan da maganinsa.

Mun isa bayan azahar. An shimfiɗa darduma a inuwar dabino, maza kusan ashirin sun jingina da matasai, ga tarin sabon dabino a faranti. Mahaifin Abu Faisal yana tsakiya, ɗan ƙaramin tsoho mai jan gemu, idonsa ɗaya ya yi fari. Tun ina cire takalmi na ji ana raɗa sunan nan, wasu har sun fara murmushi. Mai zuba gahawa ya bi layi, buta a hagu, kofuna a dama, ya zo kaina ya zuba ya miƙo.

Na karɓa da hannun dama. Ƙamshin ya bugi hancina. Na sunkuya na ajiye kofin a kan darduma a gabana, na ɗora hannuwana a gwiwa, na ɗaga kai na dubi tsohon.

Dariya ta tashi. Wani ya tafa, wani ya ce a duba fuskarsa, yanzu zai yi wani abu da kofin. Abu Faisal ya fi kowa, yana zungurar na kusa da shi. Duk jikina yana roƙona in ba su. Na san abin da zan yi su kwanta: in leƙa kofin, in shinshina, in ɗaga gira ɗaya. Murmushin nan na gida ya taho da kansa har ya kama gefen bakina, hannuna yana son tafiya ƙeya. Na danne shi a gwiwa. Ban taɓa kallon idon sa'an kakana haka ba, ji nake kamar ina zagin mahaifina.

Na fara ƙirga numfashi. A na huɗu dariyar ta ƙaru, don sun ɗauka shirun ma wasa ne. A na bakwai wasu suka fara kallon juna. Tara ta zo ta wuce ba a daina ba, na ce a raina shi Bature da gwanintarsa ya yi, ni na kashe kaina. A na goma sha biyar sai muryar Abu Faisal kaɗai ta rage, ita ma ta yanke a tsakiya. Aka bar kukan injin ban ruwa daga can ƙarshen gona.

Tsohon ya dubi kofin, ya dube ni da idonsa mai gani. Ya ce, "Baƙo, me ya hana ka shan gahawarmu?"

Na yi magana da Larabcin kanti, wanda na koya a bakin masu tari da ciwon kai. Na ce, "Ya ammi, sunana Muntari. Ni saidali ne, shekara uku ina ba mutane magani a kantin ɗanka, ban taɓa kuskure ba. A takarda an rubuta ni amil. Ina da mata, ina da 'ya, 'yar ba ta san ni ba. Ina roƙon a gyara takardar su zo."

Ban ƙara ko kalma ba. Fuskar Abu Faisal ta yi ja. Ya dube ni ya ce, "Ya shehu, a nan? A gaban mutane? Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na ce, "Na gaya maka sau huɗu."

"Yaushe?"

"Ranar da ka kira Magdi ka ce in maimaita, ita ce ta biyu."

Na ga lokacin da ya tuna, kuma ban ji daɗin ganin ba, don mutumin bai taɓa nufina da sharri ba. Tsohon bai dubi ɗansa ba ma. Ya yi wa mai buta alama, aka ɗauke kofin da ya huce aka zubar, aka zuba sabo. Ya ce, "Sha gahawarka, Muntari. Abin da ka zo nema ka samu."

Na ɗauka, har ta ɗan zube a rigata. Babu wanda ya yi dariya. Ranar ba a yi wasa ba, aka ci abinci aka yi zancen farashin dabino da ƙarancin ruwa.

A hanyar dawowa Abu Faisal bai ce mini uffan ba har muka hango fitilun Madina ana kiran magariba. Ranar Asabar ya aiko mai bin masa takardu ya karɓi shaidar karatuna. Abin bai zo da sauƙi ba, sai da aka aika Najeriya aka buga hatimai, na zauna jarrabawa, wata bakwai ana kai da kawowa. Bai ja ƙafa ba ko sau ɗaya. Amma bai sake kirana majalisarsa ba, bai sake zama a kanti ya yi hira da ni ba. In ya shigo sai ya ce, "Salamu alaikum, ya duktur," ya duba lissafinsa ya fita. Na samu girman da nake nema, na rasa mutumin da ya fara sakar mini fuska a garin. Har yau in na tuna abin yana ɗan sosa mini rai.

Alhazai kuwa ban daina yi musu nuni ba. Aikina ne, kuma na iya shi.

Ranar da izinin ɗauko iyali ya fito, ban jira an tashi aiki ba. Na bar Magdi da kanti na tafi shagon buga waya, na bi layi, na shiga ɗan akurkin gilashi na kira gidan maƙwabcin su Rabi, don su ne masu tarho a layin. Aka je kiranta. Ina jin kukan akuya da muryar mai tallan gyaɗa daga Ɗorayi, har na ji takunta.

Na ce, "Rabi, takarda ta fito. Ku fara shiri, ke da Ummi."

Ta ce, "Abban Ummi, in wasa ne don Allah ka bari. Yau ba zan iya ba."

"Ba wasa ba ne."

"Muryarka ce na ji wani iri. Lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau nake. Ga takardar a hannuna, da sunanki da nata."

Na ji ta ce wa wani a gefe ya riƙe mata yarinyar. Ta dawo kan wayar, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, "Karanta mini."

Mutumin da ke bayana a layi ya fara ƙwanƙwasa gilashi yana nuna agogonsa. Na juya masa baya, na buɗe takardar, na fara karanta mata tun daga bisimillar da ke sama.